Icce, gaz da faktir: tattalin makamashi daga murhu yake farawa



A shirinmu na makon jiya mun taɓo maganar canjin yanayi, har muka ce kowane gida yana da abin da zai iya yi don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ba mu rufe baki ba sai ga wani dattijo ya bugo waya, ransa a ɓace. Ya ce: "Yaro, ni da ko keke ba ni da shi, wane hayaƙi zan rage? Ku je ku gaya wa masu jiragen sama." Muka ce: "Baba, a yi haƙuri," muka yi dariya, lokaci kuma ya ƙare. Amma maganar ta kwana da mu, don tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu ba shi amsa ba. Ga amsar yau, a rubuce, tun da a nan ba mai katse mu da talla.

Da farko Baba yana da gaskiya. Abin nan da Nasara ke kira empreinte carbone, wato yawan hayaƙin da rayuwar mutum guda ke turawa sama, namu bai taka kara ya karya ba. In aka ƙidaya hayaƙin mai, gaz da kwal, ɗan Nijar guda wajen kashi ɗaya cikin goma na tan yake fitarwa a shekara, alhali Ba'amurke guda ya haura tan 13. Ma'ana, sai an tara mutanen ƙauye sama da ɗari kafin su kamo mutum guda na can. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a gidansa. Duk wanda zai tsaya gaban talakan Nijar yana yi masa wa'azin ya rage jin daɗi don ya ceci duniya, to bai san inda yake ba.

Sai dai ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Damanar 2024 ba a wata ƙasa muka ji labarinta ba. Mutum sama da 300 suka rasu cikin ambaliya a faɗin ƙasar nan, unguwanni suka kwanta a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram da ya haura shekara ɗari da hamsin ya rushe. Bazara kuma kowa ya san yadda take yanzu: Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45, dare ya raba ana juyi bisa tabarma. Ba mu muka kunna wutar ba, amma bukkarmu ce kusa da ita. Kuma in mun bar maganar duniya gefe guda, akwai asarar da muke yi wa kanmu kullum da hannunmu: kuɗin icce, faktir ɗin kuran, hayaƙin da ke shiga ƙirjin matanmu da ɗiyanmu, da dajin da ke ja da baya. Abin daɗin shi ne, maganin waɗannan da maganin hayaƙin duniya guda ne. Wanda ya yi tattali don aljihunsa, ya yi wa sararin sama aiki ko bai sani ba.

Mu fara da murhu, don a can yawancin makamashin gidajenmu ke ƙonewa. Gida tara cikin goma a Nijar da icce, gawayi, kara ko kashin shanu ake girki. Murhun duwatsu uku da muka gada kuwa, in an auna shi, abin da ke isa tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin iccen ba. Sauran iska ke kwashewa. Ku duba da kyau in ana girki a tsakar gida lokacin hunturu: harshen wuta na lasar gefe, tukunya na zaune tana jira. Wannan harshen da ke tafiya banza kuɗi ne.

Murhun zamani ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun cikin shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, maƙeranmu na kasuwa sun iya ƙera shi. Akwai kuma na laka wanda mace za ta gina da kanta, da yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki, ba ta biya ko dala ba. Dabarar guda ce: a killace wuta, a tsare ta daga iska, tukunya ta zauna daidai bakin murhun. In an yi haka, ana rage kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa ɗaya cikin uku na iccen da ake ƙonawa. Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce gida na sayen iccen dala ɗari kullum. A wata jika 15 ke nan. In an rage sulusi, jika 5 sun dawo aljihu, a shekara jika 60. Mai gida, wannan ya kai kuɗin kayan lakwal na yara, ko ƴar tunkiya ta kiwo.

Akwai kuma ƙananan dabaru da ba sa cin ko sisi. A rufe tukunya da marfi. A jiƙa wake tun da dare, zai nuna da wuri. A gama yanka albasa da jajjage kafin a hura wuta, kar wuta na ci ana neman wuƙa. A faskara icce ƙanana, a bar shi ya bushe, don ɗanyen icce wani ɓangare na ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa yake tafiya, shi ya sa yake hayaƙi. In tukunya ta tafasa a janye icce, guda ko biyu sun isa, tafasa ba ta ƙaruwa don an ƙara wuta. In an sauke, a kashe bakin wuta da ƙasa a ajiye don gobe. Shinkafa ko wake da suka tafasa na ɗan lokaci, in aka sauke aka naɗe tukunyar cikin tsohon bargo a kwando, za su ƙarasa nuna da zafinsu. Tsofaffinmu sun san yawancin wannan, mu ne muka yi sakaci.

Abu guda kuma muna roƙo don Allah a daina: hura wuta da leda. Mun san tana kamawa da sauri, musamman da damana in icce ya jiƙe. Amma hayaƙinta guba ne, kuma wadda ke durƙushe tana hurawa, da yaron da ke goye a bayanta, su ke fara shaƙa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Tarin yaro da ba ya jin magani, idon uwar gida da ke ruwa kullum, sau da yawa daga madafa suke. Haka nan kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi: iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi. A bar taga a buɗe, ko a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Tun da mun ambaci gawayi, mu faɗi gaskiya a kansa. Mutanen birni na son shi don ba ya baƙanta tukunya, masu shayi kuma ba su da abokin da ya fi shi. Amma kafin a samu kilo guda na gawayi ta hanyar da ake toya shi a daji, sai an ƙone kilo biyar ko fiye na icce. Buhun da ke jingine a ƙofar gida, itatuwa ne da aka sare. Mutanen Maraɗi su tambayi dajin Baban Rafi, na Yamai su tambayi yankin Torodi da Say, inda manyan motoci suka shekara da shekaru suna kwaso icce. Tsohuwar da ta ce da tana yarinya a bayan gari take samo icce, yau jikanyarta sai ta yi tafiyar rabin yini, ba tatsuniya take ba.

Sai gaz. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a ƙarshen 2011, gaz ɗin girki a ƙasarmu ake yin sa. Wani zai ce: ai shi ma daga man fetur ya fito, ina ribar? Ribar ita ce wutarsa na tafiya kai tsaye gindin tukunya, fiye da rabin zafinsa na shiga abinci, ba hayaƙi, ba a sare icce ko guda. A ƙasar da hamada ke bin ta, butel ɗin kilo 6 ya fi amalanken icce alheri. Abin da ke hana mutane mun san shi. Na farko tsoro, kuma tsoron na da dalili, don an ga gobara. Maganinsa a kiyaye: butel a tsaye, a wuri mai iska, ba cikin ɗakin kwana ba. A riƙa duba tiyo, in ya tsattsage a canza. In ana shakka a shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya yi kumfa yana yoyo. Kar a taɓa gwadawa da ashana. In an ji wari a rufe kan butel, a buɗe ƙofa, kar a taɓa makunnin lantarki. Na biyu kuɗin farko, na butel da kan murhu, shi ke da nauyi. A nan ne adashi ke da rana. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi tun 1991 sun nuna cewa mata talatin in suka haɗa ƴan kuɗinsu duk mako, ba abin da ke gagararsu. Zagaye guda a ce na butel ne, kowace ta samu nata.

Kuma ba mu ce a jefar da murhu ba. Tuwon gidan mutum ashirin ko girkin biki ba za su hau ƙaramin butel ba, mun sani. Amma ruwan zafin safe, kunun yara, ɗumame, shayi da miya, duk gaz zai ɗauka. Babbar tukunya ta zauna kan murhun zamani. Haka kawai ya isa a ga bambanci a kuɗin icce tun watan farko.

A nan muna da magana da maza ƴan'uwanmu. Duk lokacin da aka yi taron wayar da kai kan icce, mata ake tarawa a yi musu bayani, kamar su ne masu laifi. To wa ke riƙe da kuɗin cefane? Mutum zai canza salula sau biyu a shekara, ya zuba wa babur mai ya zagaya gari ba dalili, amma in uwar gida ta ce a sayi butel sai ya ce tuwon gaz ba ya daɗi. Alhaji, ranka ya daɗe, ba kai ke zama cikin hayaƙin ba. Ka shiga madafa minti goma da rana tsaka cikin Afrilu, ka fito, sannan mu yi maganar daɗin tuwo.

Yanzu mu koma kan masu kuran. Watan Agusta na 2023 ya koya mana darasi. Da CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke layin da ke ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, aka shiga duhu daga Yamai har Damagaram, sai cikin Maris na 2024 ta dawo. Muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta zo a 2023, madatsar Kandaji kuma har yanzu ana jira. Duk da haka in bazara ta yi, buƙata na fin abin da NIGELEC ke da shi, sai a koma raba wuta unguwa-unguwa, sauran kuma injinan gazuwal ne ke cikawa. Saboda haka ƙwan da aka bari a kunne da rana a wani gida, wata unguwa ce ke biyan sa da duhu.

Ga lissafi mai sauƙi. Tsohon ampul mai zare na cin wat 60, LED mai haske daidai da shi na cin wat 9. Gida mai ampul biyar, awa biyar kullum, a wata tsofaffin sun ci kilowat 45, LED ba su kai 7 ba. Ku ɗauko faktir, ku ga nawa ake sayar muku da kilowat guda, ku ninka da 38, ku ga abin da ke zubewa. Fanka na cin wat 60 zuwa 75. Kilim kuwa na haura wat 1.000, wato kilim guda ya kai fanka goma sha biyar. Wanda Allah ya hore wa, ya sa shi a digiri 25 ko 26 ya haɗa da fanka, ya rufe ƙofa da taga, ya riƙa wanke matacinsa don ƙurar hunturu na toshe shi. A watannin da iska ke bushe, na'urar sanyi mai ruwa, wadda muke kira imidifikater, tana sanyaya ɗaki da ɗan kaso na wutar kilim. Firigo a janye shi daga bango da rana, kar a sa abinci da zafinsa, a duba robar ƙofa, in ta saki wuta kawai yake sha. Guga a tara ta a yi sau guda a mako. Tele da dekoder da ba mai kallo, a kashe su daga bango. Masu pano a kan rufi kuma su tuna da tsumma da ɗan ruwa, don pano da ƙura ta rufe ba ya ba da abin da aka saye shi don shi.

Waɗanda ba su da kuran fa? Ku ƙidaya pil nawa tocila ke ci a wata, ku tara na shekara. Ƙaramar fitila mai cajin rana na mayar da kuɗinta, ta caja salula, yara su yi karatu da dare, kuma an huta da matattun pil da ake zubarwa a bola har awaki da yara su riƙa wasa da su. Ba baƙon ilimi ba ne wannan. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun shekarun 1970 yake ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana a cibiyar ONERSOL. Ya rasu a 1991. Rana tana nan inda ya bar ta, mu ne ba mu ɗauki gadon da kyau ba. Ko baƙin bidon da aka cika da ruwa aka ajiye a rana tun hantsi, da la'asar ya isa wanka ba a ƙona kara ko guda ba.

Gini ma na da nasa. Mun guje wa laka muka rungumi bulo da kwano don a ce mun waye, yanzu ɗakunanmu sun zama tanda, sai mu nemi kuran ya cece mu. Soron kakanninmu mai kaurin bango da rana sanyi, da dare ɗumi. Wanda zai yi sabon gini ya yi tunani: taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, silin ko zana ƙarƙashin kwano, farin fenti a bisansa, rumfa a gefen da rana ke faɗuwa. Randa da tulu kuma har gobe ba su daina sanyaya ruwa ba, kuma ba sa sanin an ɗauke wuta.

Mafi girma duka shi ne icce mai rai. Duk 3 ga Agusta muna dashe, a ɗauki hoto, wata guda awaki sun gama da shi. Amma manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wa duniya wata hanya. Tun farkon shekarun 1980 suka fara sassaben zamani: maimakon a ƙone kututturen da ke tohowa a gona, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Da wannan aka farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, gawo da kalgo da sabara, ba tare da an kawo ko tsiro guda daga pepiniyar ba. Yau daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo. In ana maganar wanda ya janye hayaƙi daga sama, manomin Aguie da Matamaye na da bakin magana gaban kowa. Mu na birni abin da ya rage mana kaɗan ne: dogon yaro guda a ƙofar gida, a kewaye shi da ƙaya, a riƙa zuba masa ruwan alwala. Shekara uku zuwa huɗu an samu inuwa.

Ba za mu rufe ba sai mun juya ga mahukunta, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a ce wa mace ta bar icce alhali ta yi kwana uku tana yawo da butel wofi a kai, ko ta iske an ninka farashin da aka tsaida. Duk lokacin da gaz ya yi wuya, mai icce ke dariya, daji ke kuka. A tabbatar gaz na isa garuruwan ciki, a tsare farashinsa. A sa ido kan jabun ampul, pano da batura da ke cika kasuwa suna mutuwa cikin wata biyu, har mutane su yanke ƙauna. A tuna da masu sayar da icce da masu amalanke, su ma da iyali, a nema musu mafita. Ofisoshin gwamnati kuma su fara da kansu: kilim na aiki ofis ba kowa, ampul a kunne ranar Lahadi, duk muna gani in mun wuce. Su kuwa manyan ƙasashen da suka cika sama da hayaƙi, bashi ne a kansu, kuma tattalin da muke yi a gida bai yafe musu ko tamma ba.

To Baba, in ɗiyanka sun karanta maka wannan, ga amsarmu. Ba don masu jiragen sama za ka gyara murhu ba. Don jika biyar ɗin nan ne, da ƙirjin jikokinka, da gawon da ke gonarka.

Ga abin da muke roƙon kowane gida. Daga yau zuwa mako guda, a samu ɗan lakwal ya rubuta a kaye abin da aka kashe kullum a icce, gawayi, pil ko kuran. Mako na biyu a ɗauki dabara biyu kawai cikin waɗanda muka lissafa, a gwada, a sake rubutawa. Ku bugo mana a shiri mai zuwa ku faɗa mana abin da kuka gani, ko ya yi ko bai yi ba. Musamman iyayenmu mata, ku muke son ji, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da gobara da ambaliya. Sai mun ji ku.